Yadda Za Ka Kama Haya Kusa da Tsohuwar Hasumiya Surukai Su San da Zamanka

Kai da ake miƙa wa kujerar roba mai tsage duk ranar da aka taru a gidan surukai, matso kusa. Maganinka ɗaya ne: ka koma kusa da tsohuwar hasumiyar nan da mutane ke baro garuruwansu don su ɗauki hoto a gabanta. Bi matakan nan, ni na tsaya maka, dangin matarka za su fara gaishe ka tun kafin ka gaishe su.

1. Nemo dillalin da ya dace

Kada ka je wurin mai ofis da fanka. Nemi wanda ofishinsa benci ne a ƙofar shagon aski, aljihunsa cike da makullai. Ka ce masa gidan da ake hango hasumiya kake so. Zai rantse maka akwai wani a hawa na uku, har tantabarun da ke kanta za ka riƙa gani. Kada ka tambayi ruwa, kada ka tambayi wuta. Mai neman suna ba ya murɗa famfo.

2. Hau bokiti

Tagar falo bango take kallo, ta ɗakin kwana kuma igiyar shanyar maƙwabta. Kada ka karaya. Dillali zai ja ka banɗaki, ya kifa bokiti, ya ce bismilla. Ta wata 'yar taga can sama, tsakanin tankin ruwa da eriyar wani, za ka hango dogon abu na jan bulo. In ya tambaye ka ko ka gan ta, ka ce ka gani, ka karɓi makulli. Yawan bincike shi ke hana mutum gida.

3. Shawo kan matarka

Za ta ce ita dai in za ta kasuwa, a hannun hagu take barin hasumiyar, wannan taga kuwa dama take kallo. Ka yi mata murmushin masu ilimi, ka ce ginin mutanen da haka yake, ta ko'ina ganinsa ake yi. Sannan ka ɗauki hoto ta tagar, ka tura wa danginta, ka rubuta a ƙasa cewa kallon ma har ya fara gundurarka.

4. Karɓi baƙi

Za su zo. Kawun matarka, wanda bai taɓa riƙe sunanka ba, shi zai fara sallama. Jera su a ƙofar banɗaki, babba a gaba, kai ka riƙe bokitin. Duk wanda ya hau, ba shi tarihi: wanda ya gina ta, da yadda ya kori maginan don kada su yi wa wani irinta. In labarin yau ya saɓa da na jiya, ka ce masana ma ba su daidaita ba. Da yamma kawai za ka riƙa karɓar baƙi. Dillali ne ya ce da yamma ta fi kyau, kuma bai faɗi dalili ba.

5. Ranar da surukarka ta zo

Ita ba ta san yamma ba, motar safe za ta biyo. Ta riga ta shaida wa duk matan layinsu cewa 'yarta da hasumiya maƙwabta ne. Duk da ciwon gwiwa za ta dafa kafaɗarka ta hau, ta daɗe tana kallo. A lokacin ne za ka ji ƙamshi, ka ga baƙin hayaƙi na tashi daga kan jan bulon nan.

Kada ka gudu, kai ne ke riƙe da ita.

Za ta sauko a hankali, ta gyara mayafi, ta ce, "Ɗan nan, tun ina yarinya nake jin labarin hasumiyar nan. Ba wanda ya gaya mini ana gasa burodi a ƙarƙashinta."

6. Yi shiru

Nan ne da yawa suke faɗuwa, su hau rantse-rantse. Kai dai sunkuyar da kai. Ka tuna, in ta tona ka, ita matan layi za su yi wa dariya. Da kunnenka za ka ji tana gaya wa ƙanwarta a waya cewa ta gani da idonta, abin sai wanda ya gani. In ta ajiye wayar za ta sanar da kai cewa iskar unguwar ta karɓe ta, za ta ɗan kwana biyu, kuma da shayin safe tana son burodin hasumiya, mai zafi. Ka ce to, Mama. Ka sa takalmi.

A kula: marubucin nan ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya, ko kwana biyun Mama ya kai shekara, ko matarka ta daina yi maka magana sai dariya. Kada ka zo nemana. Na tashi, na koma kusa da tsohuwar gada. Kogin ne dai ban gani ba tukuna.