Yadda Ake Koya wa Baban Budurwa Gem Ba Tare da Ya Gane Ba

Kai da ka kinkimo na'urar gem daga Kaduna ka kai gidan su budurwarka don a ce kai wayayye ne, matso kusa. Kai ka jawo wa kanka, amma akwai magani. Bi matakan nan, na ba ka tabbaci sai ka ga aiki.

Ga inda kake. Baban budurwar taka Hulda, wato Baba Boaz, dattijon ikilisiya ne, tsohon ma'aikacin reluwe a Kafanchan. Ranar da ka haɗa na'urar da talabijin ya ce kayan Shaiɗan ne. Yau ko matarsa, Mama Magdalene, ba ta isa ta kalli labarai ba. Ya maƙale a wani ɗaki na wasan, kuma da kawunnanka suka zo tambaya, ko waiwayowa bai yi ba ya ce, "Maganar Hulda, bari in buɗe ƙofan nan tukuna." Kai kuwa bayan Kirsimeti za a mayar da kai aiki Fatakwal.

1. Ka iya wasan, ka ɓoye iyawar

A wasan, wani ɗan mutum ne aka kulle a ɗaki. Yana aza bulo, yana fasa bulo, ya taka ya ɗauko makulli ya kai ƙofa kafin lokaci ya ƙare, ga dodanni suna kai da kawo. Ɗakin da ya tsare Baba ka san sirrinsa: a fasa bulon da ake tsaye a kai, a faɗo ta bayan dodo. Shi ke nan fa! Amma ka kuskura ka furta, ka gama yawo. A binciken da na yi, ba a taɓa ba wa saurayi mata don ya gyara wa uban yarinya kuskure ba.

2. Ka zauna a kan hannuwanka

Da gaske nake, ka danne su da cinya. Za su yi ƙaiƙayi idan ka ga Baba ya sake tura ɗan mutumin cikin bakin dodo. Ka ce, "Kai, Baba, saura kaɗan!" ko da bai bar bakin farawa ba.

3. Ka ɗora wa inji laifi

Zare kaset ɗin ka hura masa iska, ka ce hayaƙin jirgi ne ya shige shi. Idan aka ɗauke wuta, ka sani wasan nan ba ya tuna alherin kowa, daga ɗakin farko za a sake. Kada ka yi kuka a falon mutane. Akwai wuri a bayan rumbu.

4. Ka aika saƙo ta hanyar addu'a

Idan aka ce ka sa wa abinci albarka, ga damarka. Rufe ido ka ce, "Ya Ubangiji, wani lokaci sai mutum ya fasa abin da yake tsaye a kai, ya yarda ya faɗi, kafin Ka buɗe masa ƙofa." Baba zai ce amin da ƙarfi, ya ce da fasto ka zama. Daga nan ya wanke hannu ya koma wasan ya ci gaba da hawa sama.

5. Ka gwada Mama

Durƙusa ka ce, "Mama, ki sa baki." Za ta dube ka da tausayi ta ce, "Ɗana, ka ci tuwo." Tuwon acca ne, ka ci. Abin da za ka samu ke nan.

6. Ka zo ba sanarwa

Wata rana da la'asar ka shigo a hankali, ka tsaya bayan labule. Za ka ga Baba shi kaɗai. Zai fasa bulon ƙasa, ya faɗo bayan dodo, ya ɗauke makulli cikin ƙiftawar ido. Zai kai ɗan mutumin har bakin ƙofa, sai ya ajiye abin dannawa a cinya. Hulda tana daka a tsakar gida tana waƙar zumuntar matan coci. Ita yake saurare har lokacin wasan ya ƙare.

Ya gan ka, kada ka ruɗi kanka. Zai ce, "Shigo, ɗana. Hanya ɗin na sani tun tuni. Yayyenta duka sun tafi, ita kaɗai ya rage mini. In na shiga ƙofan nan, gida ya yi shiru."

Zai miƙo maka abin dannawar ya ce, "In kana sauri, kai ka buɗe."

Nan ilimina ya tsaya.

Gargaɗi: idan ka tsaya kana kallon abin dannawar, ba ruwana. Idan ka mayar masa ka hau jirgi kai kaɗai, kada ka neme ni. Idan kuma ka karɓa ka buɗe, ka tafi da Hulda ka bar tsoho da talabijin, kai da Allahnka. Ni dai ba ni na ce ka sayo gem ba.