Rubutun Iya a Ajin Filo

Har in koma ga Allah ba zan taɓa mantawa da ranar da kakata ta shigo ajinmu ba takalmi ba. Yanzu ina tunawa in yi dariya ni kaɗai, amma a ranar da ƙasa za ta tsage da na gode mata.

Iya muke ce mata. Ita ta raine ni a ƙauyenmu na wajen Sassumbrum, don mahaifiyata, ƴarta, ta rasu tun ban iya tafiya ba. Sunanta aka sa mini, shi ya sa ba ta kirana sai da Takwara. Tun ina ƙarama, in muna ɓarar gyaɗa, takan ce, "Takwara, can ma ɗaki ɗaya za mu zauna, ni da ke da uwarki. Ke ce mai shara." Yadda wasu ke zancen zuwa kasuwa haka Iya ke zancen lahira.

Da na shiga lise, wato babbar sakandare, a Magariya sai na koma gidan kawuna, nakan je ƙauye ƙarshen mako. A aji ni ce mai zaman kusurwa. Na san wanda ke cin biro, na san wadda ke barci ido buɗe, amma ni ba wanda ya san muryata. A shekarar muka fara darasin filo, wato falsafa, wanda mutanen ƙauye suka ce yana juya wa yara kai. Mushen namu, haka muke kiran malamin boko, dattijo ne mai tabon salla a goshi, shi ke ja mana azahar a makaranta. Wata rana ya rubuta tambaya a tablo, allon aji: shin akwai rayuwa bayan mutuwa? Ya ce muhawara za a yi. Hamisu, sarkin surutun ajinmu, zai kawo hujjojin masu imani, wani kuma ya kawo na masu shakka kamar yadda suke a littafi. Ya ce sanin hujjar mutum daban, yarda da ita daban. Kowa ya duƙar da kai. Ni ma na duƙar, amma nawa ya fi na kowa ƙasa, shi ya ja hankalinsa.

"Ke ta kusurwa. Mu ji muryarki kafin shekara ta ƙare."

Na tafi ƙauye da littafin in haddace hujjojin masu shakka. Matsalata ita ce ba na gane Faransanci sai na mai da shi Hausa (har yau haka nake, kada ku faɗa wa kowa). Sai na zagaya bayan rumbu inda ake ɗaure awaki, na yi istigfari a zuci, na tsaya kamar a gaban aji. Istigfarin a zuci na yi shi, hujjojin kuwa da ƙarfi.

"In mutum ya mutu shi ke nan, ya zama taki! Wa ya taɓa dawowa ya ba mu labari? Tsoron mutuwa ne ya sa mutane suka ƙago lahira!"

Jar akuyar Iya ta dube ni tana tuƙa. Na ji daɗin muryata, na maimaita har da nuni da yatsa. Na dai ji ƙarar harawa a ɗaya gefen rumbun, na ɗauka kaji ne.

Ni da nake taƙamar lura da ƙananan abubuwa, na ga alamu duka ban karanta ko ɗaya ba. Iya ba ta tsokane ni ba ranar. Ta dama mini fura da nono mai yawa, ta zauna tana kallon bakina har na shanye. Da na tashi sallar la'asar ta bar tankaɗenta ta tsaya a ƙofa har na sallame. Da zan hau babur in koma, ta riƙe wuyan hannuna ta daɗe tana tofa mini addu'a a ka. Na ce a raina, kai, Iya na sona.

Ranar muhawara Hamisu ya yi nasa, aka tafa. Na miƙe, na fara da Faransanci. Abin mamaki, magana ta zo. Har na soma ɗaga kai. Da na ɗaga kuwa sai na hango wasu silifa a bakin ƙofa, an jera su tsaf, ɗaya an ɗaure maɗaurinsa da waya. Na san wayar, ni na ɗaura ta.

"Salamu alaikum."

Aji ya amsa baki ɗaya. Iya ta shigo da mayafinta na zuwa biki, ƙurar hanya har gira, da baƙar leda a hannu. Mushe ya miƙe ya rusuna.

"Sannu da zuwa, Iya. Lafiya dai?"

"Kai ne mushen?"

"Ni ne."

"Kai ka ce wa jikata in mutum ya mutu taki yake zama?" Ta matsa ta ƙura wa goshinsa ido. "Da wannan tabon naka?"

Dariya ta fashe daga baya ta gangaro gaba. Mushe ya yi ta bayani, ya ce kamar wasan kwaikwayo ne, kowa da ɓangaren da aka ba shi, don yara su koyi tunani.

"To me ya hana ka ba ta ɓangaren Musulmi? Marainiya ce ka ga ta dace?" Ta juyo gare ni. "Takwara, faɗa da Hausa abin da kika faɗa wa awakina."

Awaki! Yanzu duk aji ya san da wa nake hira. Na ce da muryar sauro, "Cewa suka yi ba wanda ya taɓa dawowa ya ba da labari."

"Ƙanen kakanki da ya tafi Libiya, ko saƙo bai taɓa aikowa ba. Sai ki ce babu Libiya?"

Hamisu, wanda aka ɗora wa kare lahira, bakinsa ya kasa haƙuri. "Amma Iya, ai wasu sun dawo daga Libiya."

"Kai ɗan gidan wa ne? Sun dawo don wahala ta koro su. Wanda ya samu wuri mai daɗi me zai dawo yi, ya ga wannan kan naka?"

Har mushe sai da ya juya ya fuskanci tablo, kafaɗunsa na motsi. Amma Iya ba ta yi dariya ba. Ta gyara mayafi, muryarta ta sauka.

"Ni ban zo gardama ba, ɗana, ban iya ba. Da hannuna na wanke uwar yarinyar nan. Na kusa zuwa inda take. Abin da za ta fara tambayata shi ne, ina ƴata, tana tafe? Me kake so in ce mata?"

Idona ya cika, na ce to, an gama, sai mu rungumi juna mu fita. Ashe yanzu aka fara.

Iya ta kwance leda ta fito da gorar roba cike da rubutu, baƙi ƙirin, na malamin ƙauyenmu wanda ba ya rowar tawada. "Shanye."

"Iya, a gida..."

"A nan aka zuba miki, a nan za a wanke."

Na dubi mushe ya cece ni. Ya dubi silin. Na kafa kai, ɗaci da ƙamshin ƙaro na bin maƙogwarona, aji na jin kowane ƙwat. Na tsaya in huta ta tallafo gindin gorar, ya zubo ta gefen baki ya sauka kan farin hijabina. Ragowar ta tsiyaya a tafi ta shafe mini fuska. Sannan ta yi mini tambayoyin kabari ɗaya bayan ɗaya, wane ne Ubangijina, mene ne addinina, wane ne Annabina. Na amsa. Ta ce ba ta ji ba, in ɗaga murya kamar yadda na ɗaga wa awaki. Na ɗaga, da gashin baki na tawada, gaban mutanen da shekara guda ina ɓuya musu.

"Alhamdu lillahi," in ji Iya. Ta ɗebo gyaɗa daga ƙullin zane ta zuba wa mushe a tebur, ta ce ya yi haƙuri, ya ci gaba da karatunsa amma ya riƙa dubawa. Ta sa silifanta ta tafi.

Daga ranar sunana ya koma Sha-rubutu. Hamisu in ya gan ni sai ya ce a gaida awaki. Mushe ya ba ni sakamako mai kyau, ya ce rabi na Iya ne. Tabon hijabin bai fita ba, kuma ban yar da shi ba.

Iya ta rasu da daminar da ta wuce, gero na fitar da kai. Ina zuwa bayan rumbun nan wani lokaci, jar akuyar na nan da ƴaƴanta. Na koyi cewa in za ka ari bakin wani ka yi magana, ka fara leƙa ɗaya gefen rumbu, ko kuma ka yi da Faransanci. Salla kuwa ba na wasa da ita. Akwai tsoron Allah, akwai kuma sanin cewa Iya ta riga ta gaya wa uwata ina tafe, ta ajiye mini tsintsiya. Matar da ta hau babur daga Sassumbrum ta shigo ajin filo ba takalmi, ban ga inda zan makara ta kasa biyo ni da gora ba.