Dalar da Na Manna wa Jakada a Goshi

Har na mutu ba zan taɓa mantawa da liyafar bankwanan wani dattijo ɗan Ostireliya ba. Ni dillalin motoci ne a Bronx. Idan ma'aikatan jakadanci sun gama wa'adinsu a New York, ni ke sayen motocinsu in tura Kwatano. Dattijon nan ya tsufa a aikin gwamnatin ƙasarsu, ya zauna Akara, ya zauna Jakarta, nan ne zangonsa na ƙarshe. Ya ce in zo zai haɗa ni da magajiyarsa, matar da za ta karɓi kujerarsa. Cinikin ofishin nan kaf a hannunta zai koma, shi nake hari.

Tun da muka shiga na kasa zama. Mutum ya ƙarar da ƙuruciyarsa a aiki, amma babu maroƙi, babu kirari, sai jawabi da cuku a tsinke! Na tashi, na zauna, na sake tashi. Matata Rabi ta riƙe mini riga.

"Alhaji, don Allah ka natsu. Nan ba unguwarmu Highbridge ba ce."

Ana sa kiɗa dattijon ya fito rawa da matarsa, na fizge rigata. Na zaro sababbin daloli (da safe na canzo su, wai ni mai shiri) na shiga yi masa liƙi. Ɗaya na danna masa a goshi, gumi ya riƙe ta ram.

Dattijo ya ƙame, ya mai da hannuwansa baya. Wayoyi suka ɗago. Magajiyar tana tsaye da kofi, ko ƙiftawa ba ta yi.

Ya sunkuyo ya ce a hankali, "Abokina, na san liƙi tun Akara, na gode. Amma har Juma'a ni ma'aikacin gwamnati ne, kai kuma mai neman ciniki a ofishinmu. In na taɓa dalar nan sai na rubuta rahoto. Cire da hannunka."

Na ɓamɓare ta. Sannan na durƙusa da babbar rigata ina tsintar sauran, har ƙarƙashin takalman mutane. Rabi tuni ta koma bayan labule.

Dattijon dai ya haɗa ni da magajiyar tasa. Ta gaishe ni hannuwanta a baya, ba ta kuma taɓa kirana ba.

Yanzu duk bikin da na je, kafin hannuna ya kai aljihu, sai na tambaya ko mai goshin ya yi ritaya.