Hagu Ya Rasu, Mai Jar Hula Yana Waje

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kuma ido mai kallon kowa a kaikaice, Harisu mai yadi na kasuwar Sankaryare, ɗan gidan Inna Hansai da ke Zangon Wagadugu, yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da masu nuna kamar su abokan arziki ne, rasuwar Hagu, ɗaya daga cikin 'yan huɗun da ke kan madannin hanya na konsol ɗinsa. Ga dattawan da ba su sani ba, konsol ita ce 'yar na'urar wasan nan da ake riƙewa da hannu biyu, wadda kuke cewa ta hana samari jin kiran salla. Madannin hanya kuwa shi ne wanda aka yi masa siffar mararraba a ƙarƙashin babban yatsa, mai kai mutumin cikin wasa sama ko ƙasa, dama ko hagu. Marigayin ya cika ranar Talata da yamma, bayan jinyar da Harisu ya rantse ba ta Allah da Annabi ba ce. Akwai hannun mutum a ciki.

Hagu ya yi rayuwa irin ta masu haƙuri. Ya taso a garin da ba a ci da shi, ba a miƙa kuɗi da shi, ba a gaisawa da shi, amma bai taɓa riƙe kowa a zuciya ba. Duk yabo Dama ake yi wa, domin hanyar wasan gabaɗaya dama ta miƙe, can ne gada take, can ne dodanni suke, can ne nasara. Shi Hagu ba a tuna shi sai an yi kuskure ana neman ja da baya. In an taɓa shi sai ya amsa da 'yar muryarsa, ƙit, ba ƙari ba ragi. Bai taɓa katse ɗan uwansa ba, saboda maƙerinsu ya dasa musu cibiya ɗaya a tsakiya wadda suke lilo a kanta, in ɗaya ya sunkuya dole na gabansa ya ɗaga. Harisu ya ce da a ce haka aka ƙera bakunan mutanen majalisarsu ta shayi, da Zango ta zauna lafiya.

Ya rasu ya bar 'yan uwa uku, Dama da Sama da Ƙasa, dukkansu cikin ƙoshin lafiyar da ita ma abin tambaya ce. Ya bar maƙwabta biyu masu zagayen fuska a ɗaya gefen, da gilashi mai tsaga a kusurwa, da wayar caji da aka ɗaure da leda. Sannan ya bar maraya guda, wanda saboda shi ne wannan sanarwa ta yi tsawo: ɗan mutumin cikin wasan, mai jar hula.

Mai jar hula ba na Harisu ba ne tun asali. Konsol ɗin ta yayansa ce, Sadiƙ, ɗan farin Inna Hansai. Shi ya ƙera ɗan mutumin da hannunsa, ya sa masa jar hula irin wadda shi kansa ba ya rabo da ita, ya kuma gina masa 'yar bukka a ƙarshen hagu na duniyar wasan, inda tafiya ke farawa. Da Sadiƙ zai tafi haƙar zinariya sai ya danƙa wa ƙanensa ita, ya ce ya ƙarasa masa wasan kafin ya dawo. Da fari yana kira duk Juma'a. Daga baya sai salla-salla. Daga nan lambar ta daina shiga, kuma damina ta zo ta wuce ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Harisu dai ya riƙe alkawari kamar wanda aka ba ajiyar marayu. Inna Hansai kuwa, kamar yadda kowa ya sani, ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta tambayar labarinsa, in an ɗauko zancensa sai ta tashi ta duba tukunya. Matan unguwa har cewa suke zuciyarta dutse ce. Harisu bai taɓa faɗa ba, amma abin yana ci masa rai.

To ga yadda cutar ta faro, kuma a nan ne ake roƙon kowa ya buɗe kunne. Kullum Harisu na zaune a rumfarsa tsakanin bandir-bandir na atamfa, in ciniki ya lafa sai ya tura mai jar hula gaba, ya share dodannin hanya, ya ci sabuwar ƙasa. Da yamma ya dawo gida, ya jona konsol a tagar ɗakin Inna, don nan kaɗai ne wurin cajin da ba ya tartsatsi, ya yi alwala ya tafi masallaci. Washegari in ya kunna, sai ya tarar da mai jar hula kwance a cikin bukkarsa, can ƙarshen hagu, kamar bai taɓa fita ba. Dole ya sake tako duk tafiyar daga farko. Yau haka, gobe haka. Ana cikin wannan sai muryar Hagu ta fara dishewa, ƙit ya koma kif, kif ya koma sai an danna da ƙarfi kafin ya motsa. Ranar Talata aka danna, shiru.

Mutum na farko da Harisu ya sa wa ido shi ne Ishaq, abokinsa tun na makarantar allo, mai gyaran babur a bakin layi. Dalilan suna da ƙarfi. Ishaq ya taɓa faɗa a gaban majalisa cewa Harisu ba zai ƙare wasan nan ba har ya yi furfura. Ishaq yana shiga gidan ba sallama mai tsawo, don Inna ta ɗauke shi ɗa. Kuma babban yatsansa ya kai kan muciya. Da aka tuhume shi sai ya ajiye kofin shayi ya ce, "Wallahi se pa mwa, ba ni ba ne! Ni da nake sahu ɗaya da kai a magariba, da wane hannun zan taɓa ta? Kai dai ba ka iya ba ne, mon frer, ɗan uwana, ka bar ɗora wa mutane." Harisu ya lura cewa mai gaskiya ba ya saurin rantsuwa haka. Ya kuma lura cewa da ya yi jinkirin rantsuwar, shi ma abin zargi ne. Tun ranar ya daina amsa gaisuwarsa sai da hanci.

Ta biyu ita ce mai ɗakinsa, Lubna, wadda ta sha cewa wata rana sai ta jefa konsol ɗin a rijiya. Ita ko ɗago kai ba ta yi ba daga tsintar wake. Ta ce, "Malam, in ni ce, ba maɓalli ɗaya zan kashe ba, duka zan haɗa." Wannan amsa ta yi kama da gaskiya ƙwarai, abin da ya sa Harisu ya ƙara tsarguwa da ita.

Aka kai gawa wurin Zakariya'u mai gyaran waya a bakin kasuwa domin bincike. Ya kwance bayanta, ya ɗaga mararrabar, ya fito da wata 'yar roba mai ɗigo huɗu baƙaƙe, kowane ɗigo a ƙarƙashin ɗan uwa ɗaya. Uku lafiyarsu lau. Na Hagu ya cinye ya yi sumul, robar wurin ta yage. Zakariya'u ya shinshina ya ce, "Bon, to, wannan ba faɗuwa ba ce, ba ruwa ba ne. Wani ne yake danne shi da ƙarfin tsiya, ya riƙe ba ya saki. Kuma mai man kaɗe ne a hannu." Harisu ya tambayi sabuwar roba. Zakariya'u ya ce an daina yin irinta, na yanzu duk maɓallai huɗu ne a rarrabe ko 'yar sanda mai juyawa. "Amma yel ka ye, ba matsala, akwai dabara. Robar nan kowane gefe iri ɗaya ne. In na juya ta, lafiyayyen ɗigo ya koma ƙarƙashin Hagu, mataccen ya koma ƙarƙashin Dama. Ɗaya dai sai ya mutu, kai za ka zaɓa." Harisu ya ce Allah ya kiyaye, wa zai kashe Dama ana tsakiyar tafiya? Ya sa aka mayar da ita yadda take. A hanyar gida ya lissafa masu shafa man kaɗe a Zango, ya ga bai rage kowa ba, har da limamin.

Sai ya ɗana tarko. A lokacin mai jar hula na tsaye can nesa a bakin wani kogi, inda ba a taɓa kaiwa ba. Da yamma Harisu ya jona konsol a taga kamar kullum, ya yi alwala da ƙarar buta don kowa ya ji, ya fita, sannan ya zagayo ya laɓe bayan tulin itacen girki, Allah ya yafe masa jam'in da ya bari. Yana jiran Ishaq. Har ya tanadi maganar da zai faɗa masa.

Ladan na fara kira sai labulen ɗaki ya motsa. Inna Hansai ce, da hijabin sallarta, tana waige-waige kamar mai satar nama a miya. Ta ɗauki konsol da hannu biyu, ta kawo ta dab da idonta, ta kunna ba tare da lalube ba. Ta ɗora babban yatsa a kan Hagu ta danna. Mai jar hula bai motsa ba. Ta ƙara ɗaya yatsan a kai, ta danna da iya ƙarfinta.

"Kai, mai jar hula," ta ce ƙasa-ƙasa, "magariba ta yi. Wa ya ce maka ana kaiwa yanzu a waje? Ga ruwa a gabanka kuma. Juyo mana. Ai kai ka nuna mini, ka ce in na danna nan za ka shigo. To na danna."

Ta daɗe tana dannawa. Da ta gaji sai ta goge gilashin da bakin hijabi, ta tofa masa addu'a, ta mayar da ita taga da fuskarta tana kallon cikin ɗaki.

Harisu ya zauna bayan itace ya yi kukan da bai yi ba tun tafiyar yayansa. A nan ya gane cewa duk ƙasar da yake ci da rana, tsohuwar nan ce ke biyan ta da yatsa da yamma, kuma duk nisan da ya ƙara, sai ta ƙara daɗewa a kan Hagu kafin ta kai yaron gida. Tun ranar Talata kuwa ba ta iya kai shi ba. Shi ya sa tuwonta ke kwana a kwano, shi kuma yana can yana zargin Lubna da rage gishiri. Da dare ya ce mata, "Inna, kamar an taɓa konsol ɗin nan." Ta ce, "Ƙura na goge mata. Ku ba ku san tsafta ba." Ya ce haka ne, Inna.

Saboda haka iyalan marigayi suna sanar da cewa an rufe bincike, kuma ba a gano kowa ba. Harisu bai ga komai ba, itace ya je dubawa. An wanke Lubna. An wanke Ishaq daga wannan laifin kaɗai, sauran suna nan ana dubawa, amma ana roƙonsa ya dawo cin tuwon dare domin Inna na tambayarsa. Inna Hansai ba ta karatun boko, kuma duk wanda ya karanta mata wannan takarda, ko ya yi mata murmushin da ya wuce na gaisuwa, shi da Allah.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar a teburin Zakariya'u. Ba za a yi salla ba, don Malam ya ce ba a roƙa wa roba gafara. Za a juya robar kamar yadda mai gyara ya faɗa, Hagu ya tashi, Dama ya kwanta a madadinsa, don haka masu ta'aziyya su riƙe gaisuwarsu, Dama za a yi wa. Da shi za a binne gada da sauran dodanni da alkawarin ƙarasa wasa. Harisu ya ce in Yaya Sadiƙ ya dawo ya tambaya, shi zai yi masa bayani da bakinsa, kuma wanda duk ya san ramin zinariyar da yake, ya gaya masa ana nemansa ya zo ya ji bayanin.

Daga kasuwa za a wuce gida, inda Lubna za ta raba zomkom, wato ruwan garin gero mai sanyi, da ƙosai. Ba a karɓar gudunmawar sabuwar konsol, kada ma wani ya fara. Kafin rana ta faɗi za a jona konsol ɗin a tagar da aka saba. Tafiyar daga bakin kogi zuwa bukka tana da nisa, kuma mai yin rakiyar ba ta son ido, don haka da an kira magariba ana roƙon maza su nufi masallaci, mata su shige ɗakin girki, kada wanda ya waiwaya. In mai jar hula ya shiga bukkarsa a wannan karon, babu maɓallin da zai sake fitar da shi.