Ƙofofi Shida na Daidai-wa-daida

Jama'a, a gyara zama, yau maganar babban mutum za mu yi. Duk wanda ya taɓa taka ƙafa a jami'armu ya san Babban Mai Zanen Gine-gine, wanda bai san fuskarsa ba ma ya sha rana a ƙarƙashin aikinsa. Mu ma'aikata Yallaɓai muke ce masa in yana wurin. In ya ba da baya kuwa, tun daga masu shara har farfesoshi, sunansa Daidai-wa-daida, domin a wurinsa ba abin da ya kai dama ta yi daidai da hagu muhimmanci. In ya sa taga a gabas, dole ya sa 'yar'uwarta a yamma, ko da bangon makewayi za ta riƙa kallo.

Ga kwarjini, masha Allah. Baƙar riga, baƙin wando, tabarau mai zagaye, da fensir a bayan kunne wanda shekara tara ba wanda ya ga an feƙe shi. Sai kuma farar hular kwano irin ta masu gini. Wannan hula, wallahi, ta fi kofunan shayin ofishinmu tsabta. Kujerar gaban mota tata ce, har bel ake ɗaura mata, kuma ko ɗigon siminti bai taɓa yi mata rashin kunya ba.

Ayyukansa kuwa sun isa shaida. Shi ya zana mana hanyar ƙafa daga ɗakin karatu zuwa ɗakunan kwanan ɗalibai, mai lanƙwasa huɗu masu ban sha'awa. Ɗalibai, marasa godiyar Allah, suka riƙa yankewa ta cikin ciyawa. Ya sa aka kewaye ciyawar da waya, suka ɗaga wayar. Shi ya zana zauren jarrabawa mai rufin gilashi, wai don haske ya sauka a kan masu neman sani. Haske kuwa ya sauka. Yanzu in rana ta take, malamai masu sa ido da lema suke shiga.

Amma aikin da ya ce da shi tarihi zai tuna da shi, shi ne sabon ɗakin gwaje-gwaje na sashen injiniyan gini. Ƙofofi shida ya jera a gaba, uku dama uku hagu, kowacce faɗinta mita ɗaya da 'yan kai, ba wadda ta fi wata ko da ƙwayar gero. A tsakiyarsu ya bar bango, inda za a manna allon marmara mai kaurin tafin hannu, a sassaƙa sunansa da duk digirorinsa.

Shugabar wannan sashe wata Dakta ce, mai ƙaramin jiki da ƙaramar murya, wadda ba ta da lokacin wasa. Tana da ɗalibai sittin da uku a ajin ƙarshe, ita ta raine su tun suna ajin farko. Tawagar masu tantance kwasa-kwasai na tafe, sun kuma rubuto ƙarara cewa in ba su tarar da injin gwada ƙarfin bulo da ƙarfe a kafe a cikin ɗaki yana aiki ba, za su janye amincewa da kwas ɗin. In aka janye, takardar shaidar yaran nan ba ta da amfani ko a wurin neman aikin gadi. Injin kuwa an riga an yi odarsa, faɗinsa mita biyu da rabi, nauyinsa tan huɗu.

Dakta ta rubuta wa Yallaɓai wasiƙa uku. Ta farko ta shiga fayil. Ta biyu mun gan ta a ƙarƙashin kofin shayinsa. Ta uku ce ta samu amsa, shafi biyu cur a kan falsafar ƙofa, ba a ambaci inji ko sau ɗaya ba.

Da ta matsa, sai aka kira taro a ofishinsa. A nan ne yake ajiye abin ƙaunarsa, wato ɗan samfurin ginin da aka yi da kwali, a cikin akwatin gilashi, da 'yan itatuwa na soso da 'yan mutane na roba suna tsaye a bakin ƙofofi. Ya fi son samfurin nan da ginin gaske nesa ba kusa ba, don shi ba ya ƙura, 'yan mutanen cikinsa kuma ba sa rubuto wasiƙa.

"Yallaɓai," in ji Dakta, "ƙofa mita ɗaya ce da 'yan kai, inji mita biyu da rabi. Ta ina zai shiga?"

Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya dube ta irin kallon da likita ke yi wa mai gardamar shan magani.

"Dakta, ke ma'abociyar lissafi ce, ni kuwa ma'abocin ruhi. Gini yana numfashi. In na faɗaɗa ƙofa ɗaya, na karya haƙarƙarin sauran biyar. A inda na yi karatu, mutane sukan tsaya gaban ƙofa su yi hawaye. Amma tunda ido kike so ya gani, a miƙo mini ashana."

Aka miƙo kwalin ashana. Ya ɗaga gilashin da yatsu biyu, ya nuna kwalin ashanar ya ce wannan shi ne injinki. Ya tura ta ƙofar samfurin, ya ƙi shiga. Ya juya shi ta gefe, ya tura, ya faɗa ciki ƙwal. Ya dubi ɗakin yana jiran tafi, mu kuwa da albashinmu ke bi ta teburinsa muka tafa.

"Yallaɓai," in ji Dakta, "tan huɗu ne, kuma cike yake da mai. Ba a kwantar da shi."

"Wannan kuma matsalar waɗanda suka ƙera shi ce," ya ce, ya rufe gilashin. An tashi taro.

Daga ofishin, Dakta ba ta koma sashenta ba. Wurin ginin ta wuce, ta sami shugaban magina, wani dattijo da kowa ke kira Baba, wanda ya yi shekara arba'in yana aza bulo. Ta ba shi awon injin a 'yar takarda, idonta ya cika da ƙwalla don takaici. Baba ya zaro tef ɗinsa, ya auna ƙofa, ya auna bangon tsakiya, ya sosa gemu.

"'Yata, je ki koyar da yaranki," ya ce. "Bar ni da bulo."

Yallaɓai yakan ziyarci wurin gini sau ɗaya a wata, da hantsi, tare da mai ɗaukar hoto. Yakan sa farar hula, ya warware takardar zane, ya nuna sama da yatsa har sai an ɗauka, sannan ya koma mota. A ziyarar wannan watan Baba ya tare shi, ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, wani abu ke damuna. Allon nan mai sunanka, nauyin bene gaba ɗaya a kansa zai sauka. In ba a zuba masa linta tasa ta musamman a sama ba, wato kankaren da zai tare nauyi, mai ƙarfe sosai, wata rana sai a wayi gari sunanka ya tsage."

Kai, ku zo ku ga fuska! Mutumin da wasiƙa uku ba su motsa shi ba, nan take gumi ya karyo masa.

"Nawa za ka yi tsawonta?"

"Ko mita biyu da rabi ma ta isa, ranka ya daɗe."

"Mita biyu da rabi? Sunana? A mai da ita uku!"

Ya zaro biro, ya rubuta a kan zanen, ya sa hannu da irin sa hannun nan nasa mai jela. Ya gaya wa mai hoto cewa abin da ake kira hangen nesa ke nan. Baba ya zuba linta mita uku, wadda ko giwa ta hau ba za ta yi gezau ba. Bulon da ke ƙarƙashinta kuwa, ya aza su da kwaɓin da yashi ya fi yawa, bai ce wa kowa komai ba. Aka yi shafe, aka yi fenti, aka manna allo. Sunan Yallaɓai ya ci layi biyu, digirori suka ci uku.

Tawaga za ta zo ranar Alhamis. Ranar Litinin da safe babbar mota ta shigo da inji. Aka sauke shi gaban ginin, ya tsaya yana kallon ƙofofi shida, su ma suna kallonsa. Ɗalibai sittin da uku suka yi cirko-cirko. Wani ya ɗauko tef ya auna, ko Allah zai sa ƙofar ta buɗe cikin dare. Ina!

Aka kira Yallaɓai. Ya zo da hularsa, ya zagaya injin sau biyu, hannu a baya, ya yi gyaran murya.

"Abin da nake gani a nan shi ne rashin tarbiyyar masana'antu. Sun ƙera abu ba su tuntuɓi ginin da zai zauna ciki ba. Ina ba da shawara uku. Ko a kafa kwamiti, ko a kafa masa rumfa a waje ɗalibai su sha iska, ko kuma a kira mai walda ya raba shi biyu a haɗa a ciki."

"A raba shi biyu?" in ji Dakta. "Yallaɓai, yara sittin da uku ne. Akwai wadda mahaifinta ya sayar da gonarsa. Me zan ce musu ranar Alhamis?"

"Ki ce musu sun yi karatu a gini mai daraja."

Ya dubi agogo. Ashe jirgi zai kama, an gayyace shi wani babban taro ya gabatar da lacca mai taken Gini da Buƙatun Ɗan Adam. Ya ɗaura wa hula bel, ya tafi.

Dakta da Baba suka tafi wurin Shugaban Jami'a. Shi kuwa mutum ne da ya kai wannan matsayi ta hanyar rashin ganin abubuwa da yawa. Ya saurare su, ya kalli silin, ya ce, "Ni dai ban ji komai ba. Amma ranar Alhamis ina so in ga inji a ciki."

Talata da sassafe Baba ya zo da mutanensa. Suka ɓamɓare allon marmara a hankali, suka jingine. Bulon ƙarƙashin linta kuwa, guduma uku aka yi musu suka zube kamar an roƙe su. Kafin a gama shan shayi sai ga ƙofa mita uku, a miƙe, a tsakiyar gini, bene ko tari bai yi ba. Ɗalibai suka yi sowa, mata da maza suka shiga kwashe ɓaraguzai da hannu.

Saura matsala ɗaya. Daɓen ginin ya fi ƙasa tsawo da matakala biyu, don Yallaɓai ya ce gangara tana zubar da mutuncin gini. Inji mai tan huɗu kuwa ba ya hawa matakala. Baba ya sa aka cika wurin da yashi da tsakuwa aka daddaɓe, ya zuba kankare, sannan ya waiwaya yana neman abu mai faɗi da kauri da zai shimfiɗa a kai. Idonsa ya sauka kan abin da aka jingine. Gefen rubutun santsi ne da shi, taya za ta zame. Bayan kuwa kaushi gare shi. Sai aka kifa shi.

Laraba da yamma inji ya gangara ciki lafiya lau. Aka kafa shi, aka ba shi wuta, aka sa masa bulo ɗaya ya murƙushe. Dakta ta zauna a kan wani buhun siminti ta yi kukanta ta ƙoshi, ba ta ɓoye wa kowa ba.

Ranar Alhamis tawaga ta zo, ta duba, ta gwada, ta rubuta. Kwas ya tsira. Suna fitowa ke nan ta sabuwar ƙofa sai ga motar Yallaɓai, daga filin jirgi kai tsaye. Ya fito da hula a kai, ya ɗaga ido, ya ga rami a tsakiyar ƙofofinsa shida. Bakinsa ya buɗe, jijiyar wuyansa ta tashi. Ya taho da sauri, ya hau gangarar, ya ja numfashin da zai kori mutum goma daga aiki.

Sai ya ji shugaban tawagar, wani tsohon farfesa, yana cewa, "Mun zagaya jami'o'i da yawa, ko'ina sai mu tarar da inji a waje cikin ruwa. Wannan ƙofa ita ce abu mafi hankali a ginin nan. Wa ya yi tunanin wannan linta?"

Numfashin nan da aka ja don kora, sai aka juya shi.

"Ai ni ne," in ji Yallaɓai, yana gyara tabarau. "Magini ma mita biyu da rabi ya ce, na ce a'a, uku. Ga sa hannuna a kan zane. Mai zane na gaskiya yakan ji kukan inji tun kafin a ƙera shi."

Wannan karon, Allah ya sani, rabin maganarsa gaskiya ce. Dakta ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi, tana danne dariya.

"Madalla," in ji farfesa. "Mutum irinka bai kamata a bar sunansa a ɓoye ba. Ya kamata a sa allo."

"Ai akwai allo! Na marmara!" Ya waiga dama, ya waiga hagu, daidai wa daida. "Baba, ina allona?"

Baba ya rusuna, cikin ladabin da ya saba.

"Ranka ya daɗe, ai kana kansa."

Yallaɓai ya dubi takalmansa. Farfesa ya buga dutsen da ƙafa sau biyu, ya jinjina kai, ya ce wa sakatarensa ya rubuta cewa gangarar ma an zaɓo mata abin da ya dace da ita.