Dokin Kakan Herr Bienek

Idan akwai garin da ya yi dacen masani a duk faɗin Jamus, to namu ne, domin mu ke da Herr Ottmar Bienek. Shekara talatin da takwas ya yi yana buga hatimi a gidan waya, ba wanda ya san darajarsa. Sai da ya yi ritaya ya sayi gilashin ƙara girma da farar safar hannu, sannan muka gane irin mutumin da muka daɗe muna sayen kan sarki a wurinsa. Miƙa masa tsohon hoton soja na zamanin Kaisa, sarkin Jamus na da, ya ƙirga maɓallan riga, ya leƙa kwala, ya faɗa maka bataliya da shekara, in ka ba shi lokaci har abin da sojan ya karya da shi ran nan. Shi ya sa muke ce masa Janar Maɓalli a bayan idonsa. Sunan ya kai kunnensa bai kuwa yi fushi ba, don rabin farkon kaɗai yake ji.

Babban alherinsa ga jama'a shi ne gaskiya, wadda yake rabawa kyauta ko ba a roƙa ba. Herr Lutz mai gidan burodi ya taɓa kawo hoton kakansa, wanda danginsa suka yi shekara ɗari suna kira kyaftin. Janar ya duba na minti ɗaya ya ce, "Ɗan kwana-kwana ne. Wannan hular kashe gobara ce. Kada ka ji kunya, Herr Lutz, dole wani ya riƙe bokiti." Wata baiwar Allah ta zo da hoton wani mai gashin baki da aka ce musu yarima ne ta wajen uwa, ya shaida mata mai tsaron ƙofar otal ne. Ta fita tana share hawaye, shi kuma ya koma gida ya ci abincin rana da daɗi.

Hoto ɗaya ne a garin nan gilashin bai taɓa sauka a kansa ba, wato na kakansa, Manjo Gottlob Bienek. Mai launi ne, a cikin firam mai ruwan zinariya: baƙin doki mai farar ƙafa ya yi tsaye da ƙafafun baya, takobi a zare, hayaƙin igwa na tashi. Shekara shida Janar yana damun majalisar gari da wasiƙu, yana neman a sa wa sabon titin bayan tashar jirgi sunan Manjo. Magajiyar gari, Frau Wendt, ta gaji. Ta ce ya kawo hoton bikin tarihin gari ranar Asabar jama'a su gani, majalisa ta yi ƙuri'a ranar Litinin.

Ranar Asabar zauren ya cika, galibi saboda kofi da kek. Janar ya tsaya kusa da hoton ya gyara murya.

"Jama'a, ku dubi zaman sirdin nan. Ba a koyon wannan, a jini yake. Ni da ban taɓa hawa doki ba, ko a kujera na zauna ana gani."

Daga nan ya buɗe fagen tantance hotuna. Ta farko a layi ita ce Frau Dollinger, tsohuwa mai shekara tamanin da shida, wadda ta san shi tun yana yawo da gajeren wando. Ta laluba jakar cefane, ta ture kan kabeji, ta zaro hoto ta ajiye a tebur. Baƙin doki ne mai farar ƙafa, ya yi tsaye da ƙafafun baya. Takobin nan ne, hayaƙin nan ne. Kan ne kawai daban, na wani saurayi mai manyan kunnuwa.

Janar ya kai gilashinsa kan hoton. Magajiya tana tsaye da kofinta, tana duban wannan hoto tana duban wancan. Titi na neman suɓucewa, kuma hanya ɗaya ya gani ta riƙe shi.

"Abin mamaki!" ya ce. "Abokin aikin kakana ne. Shi ma manjo ne. Dawakin kuwa uwarsu ɗaya."

"Kakana Alois ne manjo?" in ji tsohuwa. "To, madalla. Mu dai ya ce mana dankali ya yi ta ferewa a bariki shekara biyu. Ashe ƙanƙan da kai ne."

Sai wani daga baya ya ce ai su ma suna da irinsa a ɗakin tarkace. Wata ta ce nasu yana bayan kabad. Aka bar kek aka bazama gida. Kafin ƙarfe uku dawaki goma sha ɗaya sun jeru a tebur, duk a tsaye da ƙafafun baya, Janar kuma yana ta naɗa manjo kamar mai rabon goro a wurin suna. Herr Lutz ya dawo da kakansa na wajen uwa ya ce, "Janar, duba mana wannan da kyau. Bokiti ya riƙe ko linzami?" Akwai ma hoton da kan mahayin ya zame ya kwanta a kafaɗa. Janar ya ce raunin fagen fama ne.

A nan Frau Dollinger ta ga wasan ya isa. Ta sa farce ta ɓamɓare kan kakanta, sai ga farin fili a ƙarƙashi, zagayayye kamar kwabo.

"A ƙofar bariki ake sayar da su, Ottmar. An riga an buga doki da gangar jiki. Duk wanda ya gama shekara biyunsa ya saya, a yanko kansa daga hoto a manna, ya kai wa uwarsa. Kakata ta sha ba mu labari tana dariya. Miƙo naka mu gani, farcen bai gaji ba."

Janar bai miƙa ba. Ya rungume firam ɗin a ƙirji da farar safarsa, ya ce iskar zauren ba ta dace da kayan tarihi ba, ya fice ta ƙofar baya. Ya ba mu tausayi a lokacin, domin da gaske yake son kakan nan nasa, amma tausayin bai hana kowa komawa kan kek ba.

Ranar Litinin majalisa ta zauna, ta ga ba yadda za a yi a ɗauki manjo ɗaya a bar sauran ba a ɓata wa gidaje rai ba. Sai aka amince da wanda ya halarci kowane hoto, ya ɗauki kakannin gari duka bai yi ƙorafi ba. Aka sa wa titin suna Titin Baƙin Doki. Washegari magajiya ta aika wa Herr Bienek wasiƙa cikin ladabi, tana roƙonsa, a matsayinsa na masanin garin, ya tantance muƙamin dokin kafin a buga allo.