Layin Jiran Sunan Iya Tabawa

Ba zan taɓa mantawa da walimar auren ƙanwar matata a Gwaram ba. Yanzu ma da nake rubutun nan sai da na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Ina da ɗan shagon kwamfuta a Birnin Kudu, inda nake buga takardu da yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa. Wannan ya sa a dangin matata Saude ake ganina kamar ni na ƙirƙiro intanet (ni kuma ban taɓa musawa ba). Ita Saude yaji take dakawa, irin wanda ta koya a wurin kakarta marigayiya Iya Tabawa, kuma da sunan tsohuwar take sayar da shi. Da yajin ya fara karɓuwa har ana aike daga Dutse da Kano, sai na bugi ƙirji na ce zan buɗe mata shafi a intanet da sunan Yajin Iya Tabawa.

Tsabar zumuɗi, tun kafin in duba ko sunan yana nan, na buga mata takardun da ake liƙa wa robobin yajin, da adireshin shafin ɓaro-ɓaro a jiki. Sai da ta gama liƙe su sannan na zauna yin rajista, na tarar wani ya riga ni. An ɓoye ko wane ne, kuma bai sa komai a shafin ba. Ya kama suna kawai ya zauna a kai.

Shi sunan shafi haya ake yi, kamar rumfa a kasuwa. In wa'adi ya cika mai shi bai sabunta ba, sai ya koma na kowa. Akwai kuma kamfanonin da ke sa mutum a layin jira, da zarar mai suna ya yi sakaci su cafke maka. Na ga wa'adin mutumin ya kusa, na yi wuf na shiga layi. Na ce wa Saude ta kwantar da hankalinta, wani ɗan damfara ne a can Turai, kuma na ɗana masa tarko.

Ta ce, "To Allah Ya sa. Ni dai mutane sai tambayata suke, wai sun shiga ba su ga komai ba."

Daga nan na duƙufa addu'a. Ban roƙa wa bawan Allahn nan ciwo ba, ban roƙa masa asara ba. Mantuwa kawai nake roƙa masa, bayan kowace salla. Sai ga shi ana gab da cikar wa'adi ya sabunta, kuma na shekaru da yawa a lokaci guda. Ranar ko tuwo ban iya ci ba. Na kasa gaya wa Saude, na bar ta tana ta liƙa takardu.

Ana cikin haka bikin ya zo. Bayan ɗaurin aure muka zauna a ƙofar gidan Baffa Sale, ƙanen mahaifin Saude. Shi ne waliyyinta, shi ya ba ni aurenta. Tsohon malamin gona ne, mai fara'a da son tsokana, amma ni a gabansa kaina a sunkuye yake, kamar yadda ya kamaci suruki. An kawo shinkafa da nama, an kuma raba wa baƙi robobin yajin Saude a matsayin tsaraba.

Wani abokin Baffa, Malam Idi daga Basirka, ya juya robar yana karantawa. Ya ce, "Ikon Allah! Yau Iya Tabawa ce a intanet? Mai kwamfuta, aikinka ne wannan?"

Da na ce "e" na yi shiru, da an wuce wurin. Amma ina! Na gyara zama na kwashe labarin ɗan damfara da layin jira na zuba musu.

Malam Idi ya ce, "Tsaya, tsaya. Mai abu yana raye, yana riƙe da abinsa, kai kuma ka je ka kama layi kana jiran ya faɗi? Wannan ai jiran gado ne tun mai dukiya yana shan koko."

Wani ya ce a'a, ai layi ya fi wawaso, in babu layi mai ƙarfi ne kawai zai riƙa kwashewa. Malam Idi ya ce shi dai bai ga halaccin sayar da wuri a layin abin da ba naka ba. Nan fa musu ya kaure. Na shiga na yi bayani cewa su kansu manyan da ke kula da sunayen intanet na duniya sun daɗe suna sa-in-sa a kan wannan magana (na faɗi haka da irin muryar da ke nuna kamar da ni aka yi zaman). Na ce ni ina goyon bayan layi ɗari bisa ɗari, don maganin irin waɗannan mutane ke nan, masu kama suna su kwanta a kai, ba su amfana ba, ba su bari wani ya amfana ba.

Baffa Sale kuwa yana ta barbaɗa yaji a kan namansa. Ni kuma ganin yana murmushi sai na ɗauka burge shi nake. Na juya na rusuna na ce, "Baffa, ku ne manya, bakinku yana da albarka. A taya mu da addu'a, Allah Ya ɗora wa mutumin nan mantuwa, ya wayi gari bai san ma yana da suna ba."

Wasu suka ce amin. Baffa ya ajiye cokali ya goge hannu a hankali.

Ya ce, "Malam, wannan addu'ar ba zan iya cewa amin ba. A shekaruna mantuwar da nake fama da ita ma ta ishe ni."

Wallahi ban gane ba. Har dariya na yi.

Ya ce, "Ni ne ɗan damfarar. Ni ne Baturen."

Malam Idi ya kwashe da dariya har hularsa ta faɗo cikin faranti. Ni kuwa ga ni durƙushe gaban mutumin da ya ba ni mata, na kira shi ɗan damfara a ƙofar gidansa, da shinkafarsa a cikina.

Baffa ya ce bayan rasuwar Iya ne ya kama sunan, don kada ya ɓace, yana jiran ya ga wace jika ce za ta riƙe yajin da gaske ya ba ta. Da ya ga Saude ta tsaya da ƙafarta, ya yi niyyar kiranta ya miƙa mata. Sai kamfanin da ya yi hayar sunan a wurinsu ya aiko masa da sanarwa cewa wani ya shiga layi yana jiran sunan.

Ya ce, "Hankalina ya tashi. Na ce wane mara mutunci ne yake harin sunan uwata? Shi ya sa na sabunta har na shekaru. Kuma ni ma fa ban bar shi haka ba, kullum sai na kai ƙararsa wurin Allah."

Ashe watannin nan duka ni da surukina muke ta jifan juna da addu'a, shi daga Gwaram, ni daga Birnin Kudu.

Na ce, "Baffa, a gafarce ni."

Ya dafa kafaɗata ya ce, "Tashi, ɗana. Wanda ya yi wa 'yata wannan fafutuka ba ya neman gafara. Amma ka janye addu'arka, ni ma zan janye tawa."

Ya sa aka kira Saude daga cikin gida, a gaban kowa ya ce suna nata ne daga yau. Ta durƙusa tana hawaye tana godiya. Da ta tashi ta harare ni ta gefen mayafi ta ce ƙasa-ƙasa, "Turai ko?" Lambobin sirrin shafin ma a hannunta Baffa ya damƙa su, ya ce kada ta yarda ta ba mutanen layi.

Shafin yana nan yana aiki, da hoton Iya Tabawa a sama, ni na tsara shi. Amma a Gwaram babu mai kirana Mai kwamfuta kuma. Malam Na-Layi nake, har a bakin 'yan acaɓa.

Abin da na koya shi ne, wanda zai damu da sunan kakar matarka ba a Turai yake ba, don haka ka fara tambaya a gida. Kuma yanzu duk wanda zan yi wa addu'a, sai na fara bincika ko ba shi ya ba ni aure ba.